Rijiyoyi Biyu Da Mawaƙa Ke Sha

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Yau maganarmu a kan waƙa take, da wurin da ake samo ta.

Sau da yawa ɗalibai sukan kawo mana waƙen da suka tsara domin mu duba. Ka auna kari ka tarar daidai, ka duba amsa-amo ka tarar bai karye ba, amma in aka rera sai ka ji ta salam kamar miya ba gishiri, ba ta zama a kunne balle ta kai zuci. Da muka yi nazari sai muka ga dalilin bai wuce ɗaya ba: mai ita bai sha daga rijiyoyi biyun da magabata suka sha ba, watau bakin jama'a da inuwar itace.

Rijiya ta fari ita ce waƙar talakawa. Ku dubi Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho mai ganin zuci, wanda ya rasu a 1990. Masana waƙa sun tabbatar karin Imfiraji karin kiɗan caji ne, wanda samari da 'yan mata ke rawa da shi a dandali. Malam ya ɗauki ƙwaryar, ya zubar da abin da ke ciki, ya wanke, ya cika ta da wa'azi. Don haka ne mai talla da mai jaki da matan kulle duk suka haddace ta ba tare da an sa su ba, domin kunnensu ya riga ya saba da muryar.

Mun san wani malami zai ce, ashe yau kiɗa ake kira gare shi? A'a. Ba mu halatta batsa ba, ba mu halatta cuɗanyar da shari'a ta hana ba. Abin da muke nufi shi ne waƙar aiki: ta mata a bakin turmi da dutsen niƙa, ta daɓe, ta manoma ranar gayya, ta uwa mai reno. A cikinsu Hausa take da ƙarfinta. To ga shi injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, siminti ya kashe waƙar daɓe, tsofaffin da suka san su kuwa kullum raguwa suke yi. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya ɗauki muryoyin manyan makaɗa irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Amma tsohuwar da ke Kawo ko Badarawa, wa ya ɗauki tata?

Rijiya ta biyu ita ce daji. Da maroƙa suka so su yi wa Sardauna Ahmadu Bello kirari, ba su sami abin da ya fi itace ba, suka ce Gamji. Yaron da bai taɓa tsayawa gindin gamji ya ɗaga kai ya ga faɗin ganyensa da yalwar inuwarsa ba, yaya zai gane nauyin wannan suna? Unguwar Rimi ma itace ya ba ta suna, kamar yadda kadduna suka ba garin nasa. Mu kanmu masu allo kada mu manta: allon itace ne, alƙalamin kara ne, tawadar kuwa da ƙaro ake haɗa ta. Goge ƙwarya ce da izgar doki, kalangu itace ne da fata. Ashe malami da makaɗi daji guda suka ci bashi.

Al'adarmu ce ranar Alhamis, da yake babu karatu, mu ɗebi manyan almajirai da sassafe mu gangara Ƙofar Gamji, lambun da ke bakin kogi wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. A can ne gadar ƙarfen nan take, wadda Lugga ya kafa a Zungeru a 1904, aka ciro ta aka dasa a Kaduna a 1954. Mukan yi tafiya a hankali, ba hira. Kowa ya faɗi sunan itacen da ya gani da amfaninsa, ya saurari kukan kurciya ya ƙirga gaɓoɓinsa, ya dubi yadda ruwa ke ja da baya da rani ya bar duwatsu a fili. Wallahi baitocin da suke kawowa bayan wannan fita sun bambanta da na zaure. Gani ya kori ji.

Sai dai wannan rijiya ma tana ƙafewa. Masu gawayi da masu yanka filaye sun ci itatuwan gefen gari. Abin da gatari ya bari kuma tsoro ya hana mu. Ba mu manta da watan Maris na 2021 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga kwalejin koyon aikin gandun daji ta Afaka suka kwashe ɗalibai 39. Waɗanda ake koya wa tsaron itace su aka sace. Wane uba ne, bayan wannan, zai ce wa ɗansa je ka daji ka yi tunani?

Saboda haka muna da roƙo uku. Na ɗaya ga malamai: kowace makarantar allo ta dasa itace a ƙofarta, tsamiya ko ɗorawa ko kanya, a koya wa yara sunansa da kirarinsa, kuma kada a kori ɗalibi don ya zo da karin da ya ji a bakin kakarsa, a dai gyara masa kalmomin. Na biyu ga attajiran kasuwa: wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. In kun je ƙauye sayen hatsi, ku nemi izinin tsofaffi ku ɗauki waƙoƙinsu na aiki, ku yi musu alheri, sa'an nan a kai irin su Gidan Arewa da ke Titin Rabah, inda ake ajiyar tarihin ƙasar nan. Wanda kuma ya sayi fili ya tarar da babban itace, ya yi haƙuri ya kauce masa da gini. Na uku ga hukuma: a tsare abin da ya rage na gandun daji daga gatari da bindiga, a kuma kula da lambun bakin kogi yadda talaka zai iya shiga da 'ya'yansa.

Da tsohuwar zuma ake magani. In muka bar rijiyoyin nan suka rufe, jikokinmu za su iya ƙirga gaɓa su daidaita amsa-amo, amma ba za su sami abin zubawa ciki ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da mana dazuzzukanmu wurin tafiya da tunani. Haza wassalamu.