Ƙaramar Sakandare a Abuja: Ina Rabon Hausa?

Tsarin 6-3-3-4 na 1982 ne ya haifar da ƙananan sakandare, shirin UBE na 1999 ya ƙara musu ƙarfi. A ɗaya daga cikinsu, a tsakiyar Abuja, na yi sanin makamar koyarwa. Gini kam sai wanda ya gani: ga ɗakin kwamfuta, ga na gwaje-gwajen kimiyya. Amma da na leƙa laburare, ko Magana Jari Ce ta Abubakar Imam babu! Ɗalibaina da ke ɗaukar darasin Hausa, cikinsu har da Gbagyi da Ibo, da me za su yi karatu? A ganina, 'yan'uwa ɗalibai, mu tara littattafan da muka gama da su, mu kai musu kafin sabon zango.