Gurbin da Na Bari a Banci

Ina da shekara 13 na bar gidanmu a Sabon Maci, kan hanyar Maradi zuwa Dakoro, na shiga wata ƙaramar kwaleji a yankin. Ajujuwa huɗu ne, biyu daga ciki rumfunan kara da ake sake kafawa bayan an girbe gero. Mu uku muke zama banci ɗaya. Na tsakiyarmu yaro ne daga ƙauye, yana zaune wajen innarsa mai tuyar ƙosai. Shi yake taya ta daka, shi yake ɗebo ruwa kafin ya zo lakwal, kullum rigarsa tana ƙamshin hayaƙi da man gyaɗa. Muryarsa siririya ce, kuma idan yana magana hannuwansa suna rawa kamar na mata. A lissafi duk ajin babu mai kamo ƙafarsa. Rabin abin da na sani a shekarar farko, a bayan littafinsa ya koya mini, da guntun fensir.

Farko dariya ce kawai. Idan mushe, wato malaminmu, ya kira shi allo, sai wani daga baya ya kwaikwayi tafiyarsa. Daga nan suna ya manne: ɗan daudu. Sunan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Iyayenmu sun tashi suna ganin 'yan daudu suna sayar da tuwo da soyayyen kaza a tasha da kasuwa, suna halartar wasan bori. Ana yi musu zolaya, ana kuma cin abincinsu. Har wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano ya rubuta littafi a kansu a 2009. Amma lokacinmu iska ta juya. A 2000 jihohin arewacin Nijeriya suka kama hanyar shari'a, a watan Nuwamba na wannan shekara kuma zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maradi, aka ƙona mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. Labarin ya iso gare mu a bakin direbobi, muka ɗauke shi kamar izini. Kalmar ta tashi daga daudu ta koma luwaɗi, a bakin yaran da yawancinsu ba su ma san me suke faɗa ba.

A ƙaramar makaranta babu wurin ɓuya. A Maradi yaro yana iya sauya aji, ko ya sauya unguwa. A wurinmu wanda ya zage ka a aji shi za ka tarar a rijiya, shi ne a sahun masallaci, babarsa ce ke sayen ƙosan innarka. Magana takan fita daga rumfar kara da safe, kafin la'asar ta kewaye gari.

Wata Litinin na zo na ɗauki jakata na koma bancin baya. Babu wanda ya tilasta ni. Tsoro na ji kada sunan ya shafe ni. Ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya, ya matsar da littafinsa ya rufe gurbin da na bari. Bayan hutun Kirsimeti bai dawo ba, kuma babu wanda ya je ƙauyensu ya tambaya, har da ni.

Yau ni ma malamin makaranta ne, kuma abin da yake cin raina shi ne babu wanda ya taɓa ganinsa ya aikata komai. Tafiya da murya muka yanke wa hukunci. Mun haddace Suratul Hujurat a makarantar allo, inda aya ta 11 da ta 12 suka hana izgili da jifa da mummunan laƙabi da zato da bin diddigin mutane, amma muka yi duka huɗun muna ganin addini muke karewa. Ko da abin da muke zato yana zuciyarsa, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Gurbinsa a banci hakkinsa ne, kamar na ɗan mai gari. Shi ya sa idan na ji an jefi wani yaro da wannan suna a ajina, nakan ajiye alli, darasi ya tsaya, in dawo da shi bancin gaba inda idona yake kansa.

Bayan shekaru masu yawa na gan shi a wata tasha a Maradi, yana zuba wa matafiya shinkafa da miya. Mutum biyar suka miƙa kuɗi lokaci ɗaya, ya ba kowa canjinsa ba tare da ya duba takarda ba. Ya gane ni kafin in yi magana. Na fara cewa, "Ɗan'uwa, abin da ya faru a lakwal…" Ya ƙara mini nama biyu a kwano, ya tura hannuna da kuɗin baya, ya ce, "Malam, ci abincinka kada ya huce."