Wuƙar aljihu: tsakanin bukatar manomi da tsoron 'yan daba

Abin da yake cinye wa manomin rani yini a ƙasar Karaye da Rogo ba kasafai yake zama babbar ɓarna ba. Sau da yawa noti ne guda ya kwance a jikin injin ban ruwa, ko bakin tiyo ya tsage yana bukatar a datse shi a sake ɗaurewa da roba, ko igiyar tayar da inji ta tsinke a tsakiyar fadama. Gyaran da bai fi minti biyar ba, idan babu abin yinsa a hannu, sai ya koma tafiya gari neman bakanike, alhali tumatir da albasa na can cikin rana suna jiran ruwa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Akwai ɗan ƙaramin kayan aiki da aka ƙera domin irin wannan rana: wuƙar aljihu mai naɗewa, wadda a jikinta aka haɗa sukundireba da almakashi da tsinken huda da abin buɗe gwangwani, wani lokaci har da filaya da ɗan zarto. Ra'ayina shi ne wannan abu ya cancanci zama a aljihun manomi da makiyayi da ɗan acaɓa kamar yadda tocila da waya suka zauna, kuma lokaci ya yi da hukuma za ta fayyace bambancinsa da makami. Yanzu da babu wannan fayyacewa, mai gaskiya ne yake barin tasa a gida don gudun zargi, wanda ya fito da mugun nufi kuwa bai taɓa jiran izinin kowa ba.

Asalinta

Tunanin haɗa kayan aiki da yawa a kan ƙota ɗaya tsoho ne. A gidan tarihi na Fitzwilliam da ke birnin Cambridge a Ingila akwai wata ta zamanin Rumawa, wadda aka ƙera wajen ƙarni na 3 Miladiyya, mai ɗauke da cokali da cokali mai yatsu da wuƙa da tsinke, duka suna naɗewa wuri guda. Kayan matafiyi ne.

Wadda duniya ta fi sani ita ce ta sojan Suwizalan. Wajen 1890 rundunar ƙasar ta nemi wuƙar da soja zai buɗe gwangwanin abinci da ita, ya kuma kwance bindigarsa don gogewa. Aka fito da mai abubuwa huɗu: wuƙa, tsinken huda, abin buɗe gwangwani da sukundireba. Kashin farko daga Solingen ta Jamus aka kawo shi. Wani maƙeri mai suna Karl Elsener, wanda ya buɗe maƙerarsa a ƙauyen Ibach a 1884, ya fara kai wa rundunar tasa ƙirar a 1891, sannan a 1897 ya yi rajistar wata da ta fi ta sauƙin nauyi. Kamfaninsa ne ake kira Victorinox a yau. Mai filaya kuwa daga Amurka ta fito. Tim Leatherman ya yi doguwar tafiya a Turai a 1975 cikin wata tsohuwar mota mai yawan lalacewa, ya ga wuƙar aljihunsa ba ta iya riƙe noti, ya koma gida ya shafe shekaru yana ƙira har ya kafa kamfaninsa a 1983.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne kowace ɗaya bukatar mai ita ce ta tsara ta. Soja yana da gwangwani da bindiga, matafiyi yana da mota mai tsayawa a hanya. Shi ya sa a jikin da yawa daga cikin waɗanda suke iso mu za ka ga wani murɗaɗɗen ƙarfe na cire toshiyar kwalbar giya, wanda mutumin Zarewa ko Turawa zai shekara goma bai sami aikin yi da shi ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan tunani

Tun kafin waɗannan kamfanoni, fatake da makiyaya sun san hantsaki, wanda akan haɗa shi da ɗan tsinken ƙarfe don tono ƙaya daga tafin ƙafa. Zabirar wanzami ma jaka ce da aka tsara wa kowace aska gurbinta. Manomi ya san basilla a bakin buhu. Ko a yau, abin yanke farcen nan na 'yan China mai 'yar wuƙa da abin buɗe kwalba a jikinsa, wanda ake samu a teburin mai koli a kowace kasuwar ƙauye, shi ne wuƙar aljihun talaka. Da shi ake fere mangwaro, ake raba goro, ake kankare bakin waya.

Abin da ya sauya shi ne irin kayan da ke kewaye da mu. Madatsar ruwan Challawa, wadda aka kammala a 1992 a Ƙaramar Hukumar Karaye, kimanin kilomita 90 daga birnin Kano, ta ƙara wa yankin noman rani da kamun kifi. Tare da noman rani injin ban ruwa ya zo, da tiyo, da famfon feshi. Babur ya karɓi aikin jaki a hanyoyi da yawa. Faifan sola da batir da cajar waya sun shiga gidajen da wutar lantarki ba ta kai ba, ko ta kai amma ba ta zama. Duk waɗannan kaya ne masu noti da waya, lauje da gatari ba sa yi musu komai.

Nisa shi ne ma'auni

Darajar irin wannan wuƙa ana auna ta ne da nisan da ke tsakanin mutum da mai gyara. Mazaunin birnin Kano, idan babur ɗinsa ya tsaya, da wuya ya tura shi na minti goma bai iske bakanike ba. Mutumin da ke gonar rake a can iyakar Rogo da Jihar Kaduna ko Katsina, lissafinsa daban ne: kuɗin mai zuwa da dawowa, ladan mai gyara, lebura da ke zaune ana biyansu, da ruwan da bai shiga kwami ba a ranar. Kuɗin da yini ɗaya irin wannan yake ci yana iya sayen wuƙar.

Akwai kuma lissafin lafiya. Wanda ba shi da kayan aiki yakan mayar da jikinsa kayan aiki. Da haƙori ake feɗe wayar lantarki, da haƙori ake buɗe kwalba, da baki ake hure bakin famfon feshi idan ya toshe, alhali maganin ƙwari na nan a jikinsa. Tsinken roba da ke zuwa da wasu daga cikin wuƙaƙen nan ya isa ya buɗe bakin famfon ba tare da ya faɗaɗa hudar ba, muddin daga ranar an daina sakace da shi. Haka nan reza ɗaya da take zagaya majalisa ana yanke farce hanya ce ta yaɗa ciwon hanta nau'in B, domin ta jini cutar take bi, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya wadatar. Wanda yake da almakashinsa a aljihu, bai ara ba bai ba da aro ba, ya toshe wannan ƙofa.

Iyakarta, da yadda ake zaɓenta

Kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ba ta maye gurbin sifana a babban gyara, ba a saran rake da ita, kuma ba wuƙar yanka ba ce, domin dabba tana da hakkin a yanka ta da doguwar wuƙa mai kaifi wadda ba za ta wahalar da ita ba. Ƙotarta ƙarfe ce ko tana da ƙarfe a ciki, saboda haka ba a taɓa waya mai wuta da ita. Wanda ya sa tsininta yana ɓamɓare murfi zai karya ta, ko ta rufe masa a yatsa.

Ta ainihi tana da tsada, kuma mafi yawan waɗanda ake gani a kasuwanninmu kwaikwayo ne. A cikin kwaikwayon akwai mai amfani, akwai wadda araha ce kawai, ita kuwa araha ba ta ado. Mai saye ya buɗe wuƙar ya girgiza ta gefe da gefe: idan tana rawa, ya ajiye. Ya rufe ta ya ji ko ta koma da ƙarfi ta zauna daram. Idan mai filaya ce, ya haɗa bakin ya ɗaga sama ya ga ko haske na wucewa. Mai abubuwa biyar masu ƙwari ta fi mai ashirin da za su lanƙwashe a noti na farko. Bayan an farke buhun taki da ita a wanke a shanya, domin takin zamani na cin ƙarfe. Ɗigon mai a mahaɗarta da ɗan wasi a kan dutse lokaci zuwa lokaci sun ishe ta shekaru.

Tsoron da yake da dalili

Duk wanda ya san halin da Kano ta shiga a 'yan shekarun nan ba zai yi mamaki ba idan uba ya ce shi ba ya son ganin wuƙa kowace iri a aljihun ɗansa. Faɗan daba da ƙwacen waya sun ci rayuka, har ta kai a 2023 gwamnatin jiha ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Masu wannan ra'ayi suna cewa gardamar da za ta ƙare a cacar baki takan ƙare a asibiti idan akwai ƙarfe a kusa, kuma ɗan sanda a shingen bincike ba shi da hanyar karanta zuciyar mutum. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba.

Sai dai a duba abin da ake kamawa a hannun 'yan daba idan 'yan sanda sun baje kolinsu: dogayen wuƙaƙe ne da adduna da gatura, kayan da aka ƙera ko aka wasa don tsoratarwa da illa. 'Yar wuƙar da sai an sa farce an zaro ta daga tsakanin almakashi da sukundireba ba ita ce zaɓin mai ƙwace ba. Idan aka haɗa su a kwando ɗaya, wake ɗaya ya ɓata gari ke nan, kuma hukuncin ya koma ga ganin damar wanda ya tare ka a hanya, ɗan sanda ne ko ɗan sintiri. Inda ƙa'ida ba ta fito fili ba, nan cin zarafi da neman na goro suke samun wurin zama, kuma ɗan ƙauye mai tsohuwar riga ne ya fi shan su.

Wasu ƙasashen sun ja layin. A Ingila, dokar 1988 ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, amma ta cire wuƙar aljihu mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, wato kimanin santimita 7 da rabi, kuma kotunan ƙasar sun fassara cewa sai wadda ba ta kullewa idan an buɗe ta. Kowa ya san iyakarsa, da mai ɗauka da mai bincike. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 an hana shiga jirgin sama da irinta a aljihu, abin da ya sa har yau maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano sai ya sa tasa a babbar jakar da za a auna. A 2024 kamfanin Victorinox ya ce yana shirya wata da babu wuƙa a jikinta sam, saboda tsaurin dokoki a ƙasashe da dama.

Abin da za a iya yi

Majalisar Dokokin Jihar Kano da rundunar 'yan sanda su ke riƙe da wuƙa da nama a nan. Su fito da ƙa'ida a rubuce, a karanta ta da Hausa a gidajen rediyo: ga tsawon da aka yarda da shi, dole ta zama mai naɗewa, ga wuraren da ba a shiga da ita ko da ƙarama ce, kamar makaranta da taron siyasa da gidan kallon ƙwallo da wurin biki, ga kuma shekarun da yaro zai kai kafin ya riƙe. Masarautar Karaye, wadda a ƙarƙashin dokar 2024 ta ƙunshi Karaye da Rogo, tana da dagatai da masu unguwanni da suka san manomi suka san ɗan iska, kuma maganarsu ta fi saurin isa kunnen 'yan sintiri.

Sauran aikin na maƙeranmu ne da kwalejojin fasaha. Ƙasar da tarihinta ya fara da masu narka tama a gindin Dala bai kamata ta tsaya jiran ƙirar da aka yi wa sojan Turai ba. Manomin fadamar Challawa yana bukatar filaya, sukundireba mai baki biyu, sifana lamba goma wadda ita ce ta fi yawa a jikin babur da ƙananan injuna, basilla ta ɗinkin buhu, hantsakin cire ƙaya, da gajeriyar wuƙa mai dakusasshen tsini wadda take yanka igiya amma ba ta suka. Wanda ya fara haɗa waɗannan shida a ƙota ɗaya, da ƙarfe mai kyau da farashin da bai fi ƙarfin mai buhu goma ba, ba zai rasa masu saye ba daga kasuwar Karaye har Makarfi.