Kafin a mayar da tsohuwar mota giyar hannu, a fara tambayar filawil

Masu sha'awar tsofaffin motoci a Amurka sun daɗe suna cire giyar otomatik daga Ford Mustang ta shekarun 1960, su saka giyar hannu. A nan ne da yawansu ke kashe injin da suka yi shekaru suna tattali, saboda ƙarfe guda: filawil, faifan nan mai nauyi da ke bayan inji, wanda kuloci ke kamawa.

Injin Ford 302 ba ya daidaita nauyinsa daga ciki kaɗai. Kamfanin ya bar wani ƙarin nauyi a gefe guda na filawil, da kuma a faifan gaban inji, domin su biyun su cike abin da karanshaf ya rasa. Har zuwa 1980 wannan nauyi oza-inci 28 ne. Daga 1981 aka mayar da shi 50. Matsalar ita ce dukkan filawil ɗin biyu suna zama daram a kan karanshaf ɗin, da ƙusoshi shida iri ɗaya. Bakanike zai ɗaure ba tare da ya ga wata alama ba.

Sai an tayar da mota jijjiga ke bayyana, tana ƙaruwa yayin da aka taka totur. Idan aka ci gaba da tuƙi a haka, metal ɗin karanshaf ne zai cinye, mai ya fara yoyo ta baya, wani lokaci karanshaf ɗin kansa ya tsage.

Wasu na ganin wannan ƙaramin abu ne da za a gyara da sabbin robobin zaman inji. Roba tana rage abin da direba ke ji ne kawai, ɓarnar kuwa tana ci gaba a ciki.

Darasin ya shafi garejojinmu, inda ake yawan mayar da otomatik giyar hannu da kayan gwanjo. Kafin a sayi filawil, a tabbatar da shekarar injin da lambarsa, domin tsohuwar mota ta kan zo da injin da aka taɓa canjawa. A ƙirga haƙoran faifan, tunda na Ford akwai mai 157 akwai mai 164, kuma kowanne da sitatar da ke kama shi. Sannan a kwatanta nauyinsa da na faifan otomatik da aka cire. Mai mota ya nemi a yi wannan a gabansa kafin a ɗaura giya, domin bayan an ɗaura, gyara sai an sake sauke komai.