Wa Zai Hukunta Mai Mulki?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Amma bayan haka, ya ku malamai da almajirai na Mafara da Bakura da Maradun, ina tambayarku mas'ala guda: idan mai mulki ya yi laifi, wa zai hukunta shi?

Ku sani, a Amurka idan an tuhumi mutum da babban laifi, akan zaɓo mutum 12 daga cikin jama'ar gari su saurari shaidu. Su ke cewa ya aikata ko bai aikata ba, sa'an nan alƙali ya yanke horo. A shekarar 2024 irin waɗannan mutane suka sami Donald Trump da laifi 34 a birnin New York, alhali ya taɓa shugabantar ƙasarsu.

Mu a Nijeriya talaka ba ya shiga shari'a sai yana mai ƙara, ko shaida, ko abin tuhuma. Sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya hana a gurfanar da shugaban ƙasa ko gwamna ko mataimakansu muddin suna bisa kujera. Sashe na 175 kuma ya ba shugaba ikon yafe wa wanda kotu ta ɗaure. Da shi aka yafe wa tsofaffin gwamnoni biyu, Dariye da Nyame, a 2022.

Garuruwanmu uku kowanne ya fid da gwamna: Yarima daga Bakura, Yari daga Mafara, Matawalle daga Maradun. Yarima ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999, amma alƙalin da ke hukunta ɓarawon saniya ba shi da ikon kiran gwamna gabansa. Ni a ganina wannan giɓi ne a cikin doka, ko wa ke bisa kujerar.

Duk da haka mun ga ranar da hukunci ya rinjayi iko. Ran 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC a Zamfara, don ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba. Jam'iyyar Shugaba Buhari ce, amma ta rasa kujerar gwamna da na majalisu, aka rantsar da Matawalle. Ashe abin da ya rage tsakaninmu da son zuciyar masu iko shi ne alƙali marar tsoro da shaida mai gaskiya.

Saboda haka nake roƙonku abu uku. Malamai, kada mu je wa alƙali da roƙo saboda babban mutum. Almajirai, kada ku ɓoye shaida don tsoro ko kwaɗayi. Dukanmu kuma mu nemi wakilanmu na majalisa su gyara sashe na 308, kada kujera ta kare mai kisa ko mai cin dukiyar jama'a.

Allah ya ba mu shugabanni masu adalci. Wassalamu.