Kafin ka zuba wa goɗiyarka garin ciyawar teku, tsaya ka ji

Daga Kaugama zuwa Malam Madori har cikin Haɗeja, doki ba dabba ba ce kawai, martabar gida ce. Kowa na so ranar hawan Sallah a ga ingarmansa yana sheƙi. Wannan buri ne masu tallar kayan ƙarin abincin dawaki a Facebook da TikTok suke kamawa, ciki har da garin ciyawar teku da ake shigowa da shi daga waje.

Matsalar ita ce sinadarin aidin. Babban doki mai nauyin kilo 500 ba ya buƙatar fiye da miligiram 3.5 zuwa 4 a rana, alhali kilo ɗaya na busasshiyar ciyawar teku kan ƙunshi fiye da miligiram 1,000. Ke nan cokali biyu ko uku sun isa su ninka abin da jikinsa ke nema sau da yawa.

Wanda ya fi shan wahala shi ne ɗan da ke ciki. Aidin yana ratsa mahaifa, yana kuma taruwa a nono. Tun a 1968 likitocin dabbobi a Amurka suka gano goɗiyoyin da aka cika wa aidin suna haihuwar duƙushi da maƙoƙo. Irin wannan duƙushin kan zo da rauni, wani ma ba ya iya miƙewa ya sha nono, uwar kuwa garau.

Ga inda tarkon yake: ƙarancin aidin da yawansa duk maƙoƙo suke jawowa. Mai doki zai ga kumburi a wuya, ya ɗauka rashi ne, ya ƙara cokali, ya ƙara wa wuta fetur.

Gishirin da ke kasuwanninmu ma da aidin a cikinsa, domin Najeriya ta wajabta hakan tun 1993. Wanda ke ba dokinsa harawa, dusa, gero da gishiri bai kamata ya ƙara komai da ka ba.

Shawararmu: duk garin da ba shi da lambar NAFDAC, ko bai rubuta yawan aidin ɗin da ke ciki ba, a bar shi. Goɗiya mai ciki kuwa, kada a ba ta sai likitan dabbobi ya amince. Muna kuma kira ga ma'aikatan lafiyar dabbobi na Jigawa su kai wannan faɗakarwa kasuwar Maigatari da bargunan masarauta kafin Sallah. Sheƙin gashi na yini ɗaya bai kai ran duƙushi ba.