Zumunta a ƙafa take, amma an ɗora wa ƙafar haraji

Wani abokin aikina ne ya tunzura ni na ɗauki alƙalami. Muna zaune a gindin dogon yaro lokacin shan iska, ina ba da labarin yadda kuɗin jirgi ya gagare ni, sai ya ce: "Mushe, kai ma da neman rigima. Malamin makaranta me ya kai shi jirgin sama? Kar ba ta nan?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na koma gida sai maganar ta hana ni barci, domin na gane ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Irin tunanin masu tsara haraji ke nan a Yamai da sauran manyan biranen Afirka ta Yamma, kuma shi ne yake raba mu da ƴan'uwanmu.

Ga yadda abin ya faru. Ƙanena ya shekara 19 a Abijan, yana sayar da atamfa a Ajame. Ya sa ranar auren ƴarsa ta fari cikin watan Agusta, yarinyar kuwa sunan Inna aka sa mata. Inna ta haura 70, tana fama da gwiwa da hawan jini, kuma ba ta taɓa ganin takwarar tata ba sai a waya. Da labari ya zo, abin da ta ce da ni shi ne: "Malam, ko a bayan jaki ne ka kai ni." Muka tsara mu huɗu za mu tafi: Inna, ni, maiɗakina da autanmu ɗan shekara 9.

Tun watan Afrilu na hau babur daga Madarunfa zuwa Maraɗi, na shiga wani ofishin sayar da tikiti. Yaron da ke kan kwamfuta ya duba ya ce zuwa da dawowa, Yamai zuwa Abijan, jaka 420 kowane babba, wato sefa 420,000. Na ce a sake dubawa, ko dai Makka ya danna. Ya ce: "Baba, Abijan ce." Tafiyar da ba ta wuce kamar awa 2 a sama ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jaka 42 ne tun daga Janairun 2024. Ke nan ƙaramin ma'aikaci sai ya yi wata 10 bai ci ba, bai sha ba, kafin ya biya wa mutum ɗaya kujera. Na fito na je neman kuɗi. Bayan mako 2 da na koma, kujerar nan ta zama jaka 510.

Bari in fara da amsa wa abokina da ke cewa kar tana nan. Wace hanya kar ɗin za ta bi? Hanyar Torodi da Makalondi zuwa Fada Ngurma, kowa ya san abin da ta zama a ƴan shekarun nan. Ta Tera da Dori kuwa manyan motocin kaya ma sai da rakiyar soja suke binta. Gadar Gaya da Malanbil an rufe ta a 2023, mutane suka koma tsallaka kogi cikin kwalekwale. Abin da ya rage shi ne a shiga Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, a gangara har Legas, a bi bakin teku ta Kwatano, Lome da Akara, a tsallake iyaka 5, kowace da masu miƙo hannu. Tsohuwa mai hawan jini zan ɗora a wannan hanya, cikin tsakiyar damina? Kakanninmu fatake sun je Gwanja da jakuna sun dawo da goro, amma a lokacinsu madugu ya san inda zai yada zango. Yau hanyar ƙasa ta toshe, jirgi ya zama hanyar larura, amma har yanzu ana tatsar sa kamar kayan ƙawa.

Sai kuma masu ba da shawara, waɗanda suke cewa ka sayi tikiti da wuri, ka kauce wa lokacin cunkoso, ka duba a intanet. Shawarar ba ƙarya ba ce, sai dai ƙosasshe ne ya tsara ta domin ƙosasshe. Ni ba ni na zaɓi lokacin hutuna ba. Ana rufe makaranta ƙarshen Yuni, jarrabawa da gyaran takardu su cinye wani yanki na Yuli. A can Kodebuwa kuma yara suna komawa aji cikin Satumba. Ɗan tsakanin nan kaɗai ya rage wa iyalan biyu, kuma shi ne lokacin da ɗalibanmu ke dawowa daga Maroko da Aljeriya da Turkiyya, mazauna Faransa su ma suna zuwa ganin gida. Wanda ke da ƴaƴa a makaranta, ko yake koyarwa a cikinta, an riga an ɗaure shi a watan tsada. Saye da wuri kuma sai mai kuɗi a ajiye. Mai jiran ƙarshen wata da zubin adashe, kafin kuɗinsa su haɗu farashi ya riga ya yi gaba.

Yaron ofishin nan, Allah ya saka masa, ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake yi. Kujerun jirgi ɗaya ba kuɗi ɗaya ake sayar da su ba. An kasa su mataki-mataki, masu araha ƴan kaɗan ne, in sun ƙare kwamfuta ta hau mataki na gaba. Idan kujera 2 suka rage a mai araha, kai kuma ka nemi 4 a dunƙule, duka huɗun za a ba ka a farashi na sama. Wato mai iyali yana biyan tarar yawan iyalinsa. Daga nan na ce ya buɗe mini lissafin tikitin dalla-dalla. A cikin jaka 420 ɗin farko, sama da jaka 150 ba kuɗin kujera ba ne, haraji ne da kuɗin fili da na tsaro da wasu ƙananan haruffa da shi kansa bai iya fassara mini duka ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ana rage masa kuɗin kujera, amma ragin da autana ya samu a wancan ɓangare bai taka kara ya karya ba.

Shi ya sa nake cewa masu zagin ƴan ofishin tikiti sun bar jaki suna dukan taiki. Akwai macuta a cikinsu, ban musa ba. Su ma kamfanonin jirgi suna da nasu kuka, tunda hayar jirgi da kayan gyara da inshora duk da dala ake biya. Amma kaso mai tsoka na abin da ke fita daga aljihunmu hukuma ce ta ɗora shi da hannunta, kuma ita ce ke yanke wanda zai sauka a filinta da wanda ba zai sauka ba. Inda jirage 2 ko 3 kaɗai ke bin hanya, wa zai rage wa wani kuɗi?

Abin haushin shi ne an daɗe da sanin maganin. A 1961 ƙasashe 11, har da Nijar, suka haɗu suka kafa Air Afrique, hedkwatarsa a Abijan ɗin nan da nake nema. Bashi da rashin riƙo suka kashe shi a 2002. A 1999 ministocin Afirka suka zauna a Yamusukuro suka amince a buɗe sararin samaniya, jirgin kowace ƙasar Afirka ya iya ɗaukar fasinja tsakanin ƙasashen nahiyar. A Janairun 2018 aka sake taruwa a Addis Ababa aka ƙaddamar da kasuwar jiragen sama ta bai ɗaya, Nijar tana cikin ƙasashe 23 na farko. A Yulin 2019 shugabannin Afirka suka zo Yamai ƙaddamar da yankin ciniki maras shinge, aka sabunta filin jirgin Diori Hamani domin tarbarsu. Wani kamfanin Turkiyya ne ya yi aikin da kuɗinsa, aka ba shi riƙon filin na shekara 30 ya mayar da abin da ya kashe. Fili ya yi kyau, babu gardama. To daga aljihun wa ake mayar da kuɗin? Turai ta gama buɗe nata sararin tun 1997, shi ya sa ɗalibi a can yake tsallaka ƙasa da kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba a nan. Mu kuwa takardu muke tarawa, sa hannu a kan sa hannu.

A Disambar 2024 shugabannin CEDEAO suka yanke a Abuja cewa daga 1 ga Janairun 2026 za a soke wasu haraje-harajen tikiti, a rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100. Wannan shaida ce daga bakin masu mulki da kansu cewa kayan sun yi wa jaki yawa. Mu mun fita daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairun 2025. Ban zo yin gardamar fita ko zama ba, wannan zance ne na wata rana. Abin da nake cewa shi ne, tunda an ce mana yanzu mu ke da iko da kanmu, babu wanda zai hana Nijar da Mali da Burkina Faso su yi irin wannan ragi, ko su zarce shi. Ƴancin da bai kai tsohuwa wurin bikin jikarta ba, da sauransa.

Na san abin da za a ce: baitulmali yana buƙatar kuɗi, ana yaƙi, wanda ya iya hawa jirgi ai ya iya biya. Ina da amsa 2. Ta farko, harajin nan bisa kai ake ɗora shi, abin da attajiri zai biya a kujerar baya shi Inna za ta biya. Babban jami'i kuwa da ke tafiya da takardar aiki, gwamnati ce ke biya masa, bai taɓa jin zafin abin a jikinsa ba, kuma shi ne mai sa hannu. Ta biyu, je kasuwar Maraɗi ka tambayi kowace mai tuwo: wadda ta tsawwala kuɗi ta sayar da malmala 10, da wadda ta sassauta ta sayar da 50, wa ta fi komawa gida da riba? Dubban ƴan Nijar ne ke zaune a Abijan da Akara da Kumasi da Lome, da yawansu suna shekaru ba su zo gida ba. Kowane ɗayansu fasinja ne da tsada ta kora, kuma harajin da ake ɗora wa kujerar da babu kowa a kanta sifili ne.

Mu mutanen Maraɗi kuma namu kukan biyu ne. Ana kiran garinmu cibiyar kasuwancin ƙasa, muna da filin jirgi, amma babu jirgin fasinja na yau da kullum da ke tashi daga nan zuwa wata ƙasa. Sai ka yi tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yamai, ka biya kar, ka nemi wurin kwana, kafin ma a fara zancen tikiti. Kano ta fi mana kusa nesa ba kusa ba, na kuma bincika ta can. Duk abin da aka nuna mini sai an bi ta Legas ko Abuja, tikiti 2 daban-daban, in na farko ya makara na biyu ya bi ruwa. Na lissafa da canjin naira da kuɗin masauki, na ga ragin bai kai wahalar da tsohuwa za ta sha ba.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba alfarma nake roƙo ba. A wallafa kowane haraji da ke cikin tikiti da Faransanci da harsunan ƙasa, a faɗi inda kuɗinsa ke zuwa. A bambanta harajin mai zuwa maƙwabta da na mai zuwa Paris ko Dubai, na maƙwabta ya sauko sosai. A cire wa yara ƙanana harajin gaba ɗaya. A bar kowane kamfanin Afirka da ya cika sharuɗɗan lafiyar jirgi ya sauka ya ɗauki fasinja, kamar yadda muka sa hannu tun 1999. Sannan a nemo wanda zai haɗa Maraɗi da biranen bakin teku, ko sau ɗaya ne a mako. Ƴan kasuwarmu kaɗai sun isa su cika shi.

Kafin a ji kukanmu, ga ɗan abin da na koya da kuɗina, ko zai amfani wani. Ka tambayi kuɗin mutum ɗaya tukuna, sannan na biyu, sannan na duka, domin raba saye gida biyu yakan rage wani abu, muddin yaro yana tare da babba. Ka sa a duba maka ranaku daban-daban, kwana ɗaya kan canza lissafi. Ka tambayi kilo nawa aka yarda maka, don tikiti mai araha da ba shi da kaya tarko ne ga mai zuwa biki. Ka shirya fasfo da katin rigakafin shawara tun da wuri. Mafi muhimmanci, takardar kama wuri daban take da tikiti. Kada ka bar ofis sai an ba ka lambar tikitin, ka kuma tabbatar da ita wurin kamfanin jirgin da kansa.

Za ku so ku ji yadda muka ƙare. Na kwashi adashen malamai, na sayar da raguna 2 da buhunan gyaɗar da na ajiye, ƙanena ya turo abin da ya sawwaƙa. Duka-duka kujera 2 suka saya. Muka zauna muka duba, Inna tana buƙatar mace a kusa da ita, saboda haka maiɗakina ta raka ta. Ni da na yi ta zirga-zirga tsakanin Madarunfa da Maraɗi, a Yamai na tsaya, na ɗaga musu hannu a bakin ƙofa. Ranar ɗaurin aure, ni da ya kamata in zama waliyyin amarya, ina zaune a bakin tafki inda waya ta fi kamawa, autana ya leƙo ta kafaɗata, muna kallo ta WhatsApp, hoto yana tsayawa yana tafiya. Ƙanena ya ce: "Yaya, ka yi mana addu'a daga nan." Na yi, ban sani ba ko sun ji ƙarshenta.

Inna ta dawo lafiya, ta rungumi takwararta, alhamdu lillahi. Har yau ina biyan zubin adashen. Abokin aikina kuwa, ɗansa yana karatu a Dakar, bana yake gamawa, uwar yaron kuma ta ce sai ta je. Jiya ya same ni a gindin dogon yaron nan, ya rage murya ya ce: "Mushe, wane ofis ne ka ce ka je?"

Allah ya buɗe mana hanyoyi, na ƙasa da na sama, ya ba shugabanninmu kunnen sauraro.